Magajiya Lariba da Kwalbar Gwajin Gishiri

Matan kasuwar Bawku suna cewa Magajiya Lariba da lasa ɗaya take gane gishirin Daboya da na bakin teku. Ba su taɓa jin ta ɗaga murya ba, ba su kuma taɓa ganin wadda ta ƙetare maganarta ba.

Haihuwa da aure

An haife ta a Salaga a shekarar 1934, mahaifinta Malam Saaka falke, mahaifiyarta Damata mai sayar da gishiri, wadda a wurinta ta gaji al'adar shanya duk gishirin da ya jiƙe har ya bushe ƙayau. A 1952 aka ɗaura mata aure da Malam Sidiku tela a Yendi. Bayan wafatinsa a 1981 ta koma Bawku wurin babban ɗanta, inda a 1986 masu gishiri suka naɗa ta magajiyarsu.

Zamanin aidin

A 1996 hukuma ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishirin ci. Ma'aikatan lafiya suka ba Magajiya 'yar kwalba: a ɗiga ruwanta a kan gishiri, in ya yi shuɗi ya inganta, in bai yi ba a ɗauke shi daga kasuwa. Ita da ta sha ganin maƙoƙo, cutar da rashin aidin ke jawowa, a wuyan matan ƙauye, sai ta riƙe aikin tamkar ibada.

A daminar 1997 gishirin Zuleha, aminiyarta tun zaman Yendi, ya ƙi yin shuɗi sau uku. Zuleha ta rantse daga buhu mai hatimi ta zuba shi. Magajiya ba ta gaskata ba, ta tashe ta daga layin masu gishiri a gaban jama'a, aka dinga kiranta maha'inciya.

Sai bayan shekara wani ma'aikacin lafiya ya bayyana wa Magajiya cewa jiƙewa da doguwar shanya a rana suna kore aidin. Umarnin shanyar kuwa nata ne, kuma duk layin ba wadda ta kai Zuleha bin sa. Ta hana shanya daga ranar, ta aika wa Zuleha goro da turmin zane ba tare da kalma ɗaya ba. Aka dawo mata da su.

Rasuwa

Allah Ya yi mata cikawa ranar Alhamis, 11 ga Maris, 1999, aka yi jana'izarta a Bawku bayan azahar. Ta bar 'ya'ya uku: Fuseini, Mahama da Amamatu.

Kwana huɗu kafin rasuwarta ta sa aka kai ta kasuwa a kan kujera, ta aika aka kira Zuleha. Zuleha ta zo, matan layin suka taru.

«Zuleha,» in ji ta, «ku duka ku ji. Ba ki ha'inci kowa ba. Ni na ce ki shanya, kika shanya, na kuma kore ki. Ki yafe mini.»