Mai Zane a Rairayin Tashar Dakoro

A tashar Dakoro, ƙarƙashin bishiyar bedi, wani mutum na tsugune. Hamsatu mai ƙosai tana kallonsa ta cikin hayaƙin murhunta. Dogo ne siriri, ƙafar gilashinsa ɗaya ɗaure da zare, jaka rataye a kafaɗa kamar mai shirin shiga mota yanzun nan. Motar Maraɗi ta cika ta tashi, ko kai bai ɗaga ba.

Ya share rairayi da tafin hannu, ya ɗiga ɗigo, ya ja layuka suna fita daga cikinsa, wasu a miƙe, wasu a lanƙwashe. Gefe ɗaya ya bar shi fili, nan ya ƙura wa ido.

Direbobi na cewa kimiyya ya karanta a Turai, inda ake gwara ƙwayoyin zarra cikin wata ƙatuwar na'ura, ana neman abin da littattafai ba su sani ba tukuna. Hamsatu na zaton jinyar uwa ko uba ce ta maido shi gida, ciwon kuma ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Wata tsohuwa ta durƙusa gabansa, ta ɗauka mai bugun ƙasa ne.

"Malam, duba mini. Ɗana ya tafi Libiya, shiru. Yana da rai?"

"Inna, ni ba mai duba ba ne," in ji shi. "Wani abu nake nema da ya wuce ta filin nan na zanen, bai bar sawu ba."

"To, in ka samo naka, ka nemo mini nawa."

Ya share zanen, ya sake ɗiga ɗigo. Tsohuwa ta gyara zama, tana jira.