Makirufo Ɗaya Ga Tsofaffi Biyar

Duk cikin ranakun aikina a Dubai, wadda ba na jin zan taɓa mantawa da ita ita ce ranar da wasu tsofaffi biyar daga Amurka suka sa na naɗe hannuwana a ƙirji, ni da aka ɗauka aiki don in yi ta murɗe-murɗen maɓallan sauti.

Ku da kuka shigo kamfanin nan kwanan nan kun tarar ana ce mini Oga Sagir, shugaban sashen sauti. To, a wancan lokacin babu wani oga. Na yi shekaru ina jan wayoyi da ɗaukar sifiku a sitonmu na Jebel Ali, sannan aka ɗaga ni zuwa mataimakin injiniya. Wannan taron shi ne na farko da aka bar mini miksa ni kaɗai. Ga wanda bai san aikinmu ba, miksa ita ce allon nan mai maɓallai barkatai da ake ajiyewa bayan 'yan kallo. Kowace murya da kowane abin kiɗa ta cikinta suke bi kafin su fita a sifika, mai riƙe da ita kuma shi ke ƙara wannan ya rage wancan.

Watan Janairu ne, lokacin da garin nan ke yin ɗan sanyi ana iya zama a waje. Taron iyalai ne a wani fili bakin ruwa, kowace ƙasa ta kawo kiɗanta na gargajiya. Da safe manajan tarukanmu, wani ɗan Lebanon da ake kira Mista Fadi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Habibi, yau ce jarrabawarka. Sifika ta yi kuka sau ɗaya, khalas, shi ke nan, ka koma sito." Kukan sifika shi ne ƙarar nan mai tsaga kunne da ke tashi idan makirufo ya jiyo sautin sifika ya sake mayar mata da shi. A sana'armu babu abin kunya kamarsa.

Makaɗan da suka faɗo a hannuna masu kiɗan da ake kira bluegrass ne, kiɗan mutanen karkarar Amurka. Babu ganga, babu lantarki, tsirkiya ce zalla da murya. Na shirya musu tsari na gani na faɗa: kowa da makirufonsa na murya da na abin kiɗa, kowa da ƙaramar sifikarsa a gabansa don ya ji kansa, an jera su tazara-tazara a kan jan kafet. Ina kallon aikina ina jin kaina ya yi girma.

Bayan azahar suka iso gwaji. Wallahi da na gan su sai da na yi zaton 'yan yawon buɗe ido ne suka ɓata hanya. Ƙaraminsu ya girme wa babana. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai jita, Madam Doris, gashinta fari fat. Akwai mai banjo, abin da ya yi kama da gurmin gidanmu, da mai wani ɗan ƙaramin molo da suke kira mandolin, da mai ƙaton goge tsayin mutum da ake fizga da yatsu, wato bas. Na ƙarshensu mai goge ne, Baba Amos, dogo siriri, yana tafe a hankali.

Madam Doris ta kalli jeren makirufona, ta yi murmushi irin na kaka, ta ce, "Ɗana, ka yi aiki mai kyau. Yanzu kwashe su duka. Ɗaya muke so, a tsakiya."

Na ce, "Madam, ɗaya? Ku biyar? To ta yaya zan ɗaga goge idan lokacinsa ya zo?"

Ta ce, "Ba za ka ɗaga ba. Shi zai matso."

Irin makirufon da zai ɗauki mutum biyar lokaci ɗaya yana jin komai, har tarin wanda ke layin gaba, kuma shi ne ya fi kowane saurin sa sifika kuka, balle a fili ga iskar teku. Mista Fadi da ya ji labari ya taho kamar zai tashi sama. "La, la, a'a! Kowa ya tsaya inda aka sa shi. Yalla, maza a gwada."

Aka gwada. Ni da kaina na ji abin bai yi ba. Huɗun suna tafiya tare, amma gogen Baba Amos sai ya riƙa makara, ya kamo su ya sake sakinsu. Can ya sauke gogen, ya zauna a kan akwatin sifika yana kallon ƙasa. Tausayinsa ya kama ni. Madam Doris ta jawo ni gefe ta ce kunnuwansa sun yi nauyi, na'urar da ke kunnensa kuma ba ta jituwa da sifikar da na sa masa. Tun suna samari a kewaye da makirufo ɗaya suke wasa, kafaɗa da kafaɗa. Yana ganin numfashinta, yana jin bugun bas ta tafin ƙafarsa. In an raba su, an kashe masa kiɗa. Ta ce, "In ba zai yiwu ba, babu komai, mu huɗu za mu hau. Amma bai taɓa zama a ƙasa muna sama ba."

Gaba kura, baya siyaki. Na nufi Baba Alhassan, mai ɗaura mana ƙarafan dandamali, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya riga ni zuwa kamfanin da daɗewa. Na ce, "Baba, ya zan yi?"

Ya ce, "Kai chale, abokina, kana tambayana? Ba ka taɓa ganin mawaƙi da 'yan amshinsa a gidan biki ba? Mic ɗaya ne, kowa ya san lokacin da zai miƙo wuya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ka faɗi inda za mu kai speakers ɗin kawai."

Na koma wurin Mista Fadi na ce masa ni ke riƙe da miksa yau, kuma makirufo ɗaya zan sa. Ya dube ni ya ce, "Wuyanka ne, ba nawa ba."

Muka duƙufa. Muka kwashe ƙananan sifikun dandamali gaba ɗaya. Manyan kuma muka turo su gaba sosai, suka ba makirufon baya. Na sa masa soson kare iska, na bi sautukan da ke son tayar da kuka ɗaya bayan ɗaya na daddanne su. Daga ƙarshe muka naɗe jan kafet ɗin nan, katako ya fito tsirara, don bugun bas ya isa ƙafar tsohon. Nan ma sai da Mista Fadi ya kama kai, don launin kafet ɗin masu taron ne suka zaɓa.

Ana idar da sallar magariba suka hau. Fili ya cika: Larabawa da 'ya'yansu, Indiyawa, 'yan Filifin, Turawa, har da 'yan uwanmu da suka taso daga unguwar Al Muraqqabat don na ce su zo. Tsofaffin suka yi rabin da'ira, suka fara.

Waƙar farko na cikin tafiya sai lokacin goge ya zo, na ji shi can ƙasa-ƙasa. Oba-obar da ke kunnena, wadda mu ma'aikata muke magana da juna ta cikinta, ta ɗauka, Mista Fadi ne: "Ɗaga shi! Ɗaga shi!" Hannuna ya tafi kan maɓalli da kansa. Baba Alhassan da ke tsaye kusa da ni ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Shwaiya, a hankali. Duba."

Madam Doris ta ja da baya taku ɗaya. Mai banjo ya karkata. Baba Amos ya zuro ta tsakaninsu ya kawo gogen daf da makirufo, sai sautin ya cika filin nan tas, zaƙi kamar me. Yana gamawa ya zame, mai mandolin ya ɗaga tasa sama ya shigo ta ƙarƙashin hannunsa. Babu mai taka wani, babu mai bugun wani da wuyan jita. Da ƙafafunsu suke yin aikin miksata, kuma wallahi sun fi ni iyawa. Na cire oba-obar, na naɗe hannuwana.

Wajen ƙarshe suka sauke kayan kiɗa, suka haɗa kawunansu a bakin makirufon, suka yi wata waƙa da murya zalla. Filin ya yi tsit, har yara. Tsigar jikina ta tashi. Daga nan suka ɓarke da wata mai sauri, Baba Amos na gaba yana dukan katako da dunduniya, wani dattijon Balarabe ya miƙe yana juya sandarsa, 'yan Kanonmu suna ihu "Sai Baba!" Sifika ba ta yi ko tari ba har suka sauka. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Muna naɗe wayoyi Mista Fadi ya zo ya tsaya. Ya ce, "Me ka taɓa a miksar nan tunda suka fara?"

Na ce, "Ba komai, sa."

Ya yi dariya ya ce, "Mabruk, barka. Taron mako mai zuwa naka ne."

Baba Amos ma ya zo, rungume da akwatin gogensa. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai kanta, ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa sosai, "Na ji su duka, ɗana. Duka huɗun na ji su."

Abin da na koya ranar nan shi nake gaya wa duk wanda na miƙa wa miksa. Muna shiga aikin nan da tunanin cewa mu ne masu kiɗan, tunda maɓallai na hannunmu. Ba mu ba ne. Kafin ka jera wa mawaƙi kayanka, tambaye shi yadda ya saba tsayawa, kusa da wa, kuma me ya sa. Sannan ka zuba duk iliminka kafin a fara. In mutanen da suka tsufa a kan sana'arsu suka hau dandamali, ka ɗauke hannunka ka saurara.