Matar da ke jikin Fijo

Maigidana ya rasu bayan girbi. Ana kwashe kayansa aka ga hotonsa da wata mata, sun jingina da mota marar rufi. Matarsa Hajiya ta sa aka kira ni, idonta jajur.

"Malam Sule, kai ne direbansa. Wace ce wannan?"

"'Yar wasan kwaikwayo ce, Hajiya, aron motar suka zo yi. Fijo ce, shi ya yanke rufinta, ya sa kujerun fata. Ina wurin. Ko sunan matar bai tambaya ba, faɗa yake kada awarwaronta ya goge masa fenti."

Hajiya ta yi dariya har da hawaye.

Yanzu ina Bakori, na bar tuƙi. Allah ya sanyaya makwancinsa.