Zuwa Bukuru Saboda Lagireto na Uku

Mun tashi da asuba daga unguwar Gwallameji a Bauchi, ko shayi ban tsaya sha ba. Mu uku ne: ni, da maƙwabciyata 'yar Tafawa Ɓalewa wadda muke kiwon kaji tare, sai mai aikin famfon da ya haɗa mana bututun ɗumama ɗakin 'yan tsaki. Jos muka nufa, can wajen Bukuru.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu a wannan sanyin. Mun gaji da kunna gawayi a ɗakin tsaki, hayaƙi yana sa musu tari. Sai muka sa aka kafa duro a waje, ana hura wuta ƙarƙashinsa, ruwan zafi ya bi bututu ya shiga tsofaffin lagireton manyan motoci guda uku da muka jera a jikin bango. Na farko yakan ɗau zafi nan da nan. Na biyu sai ya ga dama. Na uku kuwa sai hantsi ya dubi ludayi kafin ya ɗan yi ɗumi. Tsakin da ke ɓangarensa sai su cure a kusurwa suna danne juna, da safe mu kwashe matattu. Ga sabon zubi yana tafe mako mai zuwa. Kawun maƙwabciyata yana da irin wannan haɗin a gonarsa da ke Bukuru, kuma an ce nasa lafiya lau. Na ce sai na gani da idona.

Keke ya kai mu tasha, muka tarar kuɗin mota ya sake hawa. Direban ya ce mu tambayi gidan mai. Na sayi masa mai zafi da yaji, muka ci a hanya. Daga Zaranda zuwa Nabordo titin wani wuri sumul, wani wuri ramuka, direba yana kauce musu kamar mai rawa. Duk tsawon tafiyar mai famfo magana ɗaya yake nanatawa: "Hajiya, wuta ce ba ta isa ba. A ƙara itace kawai." Ni dai na san yawan itacen da muka ƙona.

Da muka wuce Toro iska ta canza. Kafin Tilden Fulani kowa ya ɗaga gilashi. Gefen hanya mata sun kasa karas da kabeji da dankalin Turawa, sun fi na kasuwar Muda Lawal sauƙi nesa ba kusa ba. Maƙwabciyata ta so mu tsaya, na ce sai a dawowa.

Kawun nata dattijo ne da ya yi ritaya, sanye da hular sanyi har kunne. Matarsa ba ta bar mu mun taka ko'ina ba sai da muka sha gwaten acca, mai yakuwa da gauta. Ban taɓa sha ba, amma har ƙari na karɓa.

Sannan ya shiga da mu ɗakin tsakinsa. Ya fi namu tsawo, lagireto har biyar. Ban tsaya kallon komai ba, na miƙe zuwa na ƙarshe na ɗora hannu. Da sauri na janye. Tsakin kuwa sun bazu ko'ina suna caccakar abinci. Mai famfo ya tsuguna wajen duro, ya kama bututun da ke fitowa daga ciki, yatsunsa da kyar suka zagaye shi.

"Naku inci nawa ne?" in ji dattijon.

"Rabin inci, Baba."

Ya yi dariya. "Ni ma da shi na fara, ɗana. Tsaki nawa na binne kafin in gane! Tunda ba inji ke tura ruwan ba, zafi ne kaɗai ke ɗaga shi. In hanya ta matse, yana tafiya yana hucewa."

Ya bi da mu bututun daki-daki. Babban da ya fito daga duro inci ɗaya da rabi ne, ya tafi har ƙarshen ɗaki yana ɗan hawa sama. Kowane lagireto da nasa ƙaramin reshe, ba kamar namu da ruwa sai ya ratsa na farko da na biyu kafin ya kai na uku ba. Mai maido da ruwa duro shi ma babba ne. Lanƙwasa kaɗan ce, kuma can sama akwai wurin fitar iska. Mai famfo ya auna, ya sake aunawa, ya yi ta ɗaukar hoto da waya.

A dawowa mun tsaya, maƙwabciyata ta cika buhu da dankali har direba ya yi mita. Da la'asar muka shigo Bauchi, ba mu wuce gida ba sai shagon kayan famfo. Da na ji farashin babban bututu sai da na nemi wurin zama. Mai famfo ya raɗa mini cewa inci ɗaya ma zai iya yi. Na ce masa, "Malam, ban je Bukuru don in dawo in yi rabin gyara ba." Maƙwabciyata ta ce a ɗaure mana manyan.

Kwana biyu ana fasa bango ana sauya layi. Ranar da aka kawo sabbin tsaki, da itacen da muka saba muka hura wuta. Kafin in gama zuba musu ruwa lagireton duka ukun sun ɗau zafi. Washegari na zagaya kusurwoyin ɗakin, ban ɗauki gawa ko ɗaya ba.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, duk watannin nan a wajen wuta muke neman laifi, alhali yana cikin bango. Da mun zauna muna gardama a Gwallameji, da har yanzu itace muke ƙarawa. Wanda duk zai yi irin wannan haɗin, ya fara zuwa ya taɓa na wanda nasa ke aiki, kafin ya sayi bututu ko na taku ɗaya.