Kalmar da ke ƙasan littafin mai nono

Ko zan manta komai na zamana a ajin manyan mata na Yako, ba zan manta abin da na yi wa wata Bafulatana mai tallar nono ba. Ina da 'ya'ya uku na shiga ajin, don in riƙa karanta saƙon waya da kaina, kuma nan da nan na ɗauki kaina gwanar aji.

Malamarmu ta Turanci ba ta ba da maki. Kalma ɗaya take rubutawa da jan biro a ƙasan aikinki. Ta koya mana cewa farin ciki a Turanci hawa-hawa ne: "glad" an ɗan ji daɗi, "pleased" abu ya yi yadda ake so, "delighted" kuwa daɗin da ke sa mutum murmushi shi kaɗai. Ni kullum "pleased" nake samu, har na zaci iyakar kyautarta ke nan.

Bafulatanar kusa da ni take zama. Daga ruga take tahowa a ƙasa, ta ajiye ƙwarya a bakin ƙofa, rubutunta duk a karkace. Ranar da aka yi darasin kalmomin nan tana kasuwar Kwanar Dangora. Wata Laraba ta turo mini littafinta, ta ce, "Yaya, me Malama ta ce mini a nan?"

Na duba, sai ga "delighted". Wata shida ina gyara rubutu, a ce mai nono ce ta samu? Na kwantar da murya kamar mai tausayi, na ce ma'anarsa aikinta ya ba Malama dariya.

Ta rufe littafin a hankali, ta ɗauki ƙwaryarta tun ba a tashi ba. Ba ta sake dawowa ba.

Malama ta yi ta cigiyarta. Ta ce mana matar nan ba ta taɓa riƙe biro ba sai bana, ga shi ta rubuta jimla biyar ba kuskure. Ina zaune, na kasa ɗaga kai. Sai da na kwashe mako uku kafin na hau babur zuwa rugarsu, na tarar sun tashi da shanu, an ce sun yi wajen Doguwa.

Har yau tana can wani wuri da yaƙinin cewa ranar da ta fi ƙoƙari dariya aka yi mata. Tun daga nan na gane, in wanda bai sani ba ya amince ya tambaye ka, amana ya ba ka, kuma hassada kan cinye ta cikin jimla ɗaya.