Keken Ɗinki a Asibitin Dabbobi

Maƙwabcina tela ne, shekara talatin yana taka keke a ɗan shagon da ke manne da katangarmu. Taurin kai gare shi, ko tsawon wandonka sai ya yi maka gardama a kai. Ba wanda yake tausasa wa murya sai karensa, Maɓalli, wanda tun yana kwikwiyo yake barci a ƙarƙashin keken. Nakan tambaye shi yaushe zai ɗinka wa wannan babban ɗan nasa mai ƙafa huɗu riga, shi kuma ya jefo ni da ƙyalle.

Bara ƙari ya fito wa Maɓalli a ciki, kullum ƙara girma yake, har abinci ya fara gagararsa. Likitar dabbobi ta ce sai an yi aiki, amma karen ya tsufa, ba za ta yi masa allurar barci ba sai ta auna bugun zuciyarsa. Wayoyi ake maƙala masa a ƙafafu, na'ura ta zana bugun a takarda. Sharaɗin ɗaya ne, ya kwanta shiru na minti biyu.

Sau uku muna zuwa, don ni ke riƙe ƙafafun baya. Da an ɗora shi kan teburin ƙarfen nan sai jikinsa ya kama ɓari, takarda ta fito kamar kaza ta yi tono. Baba Tela ya yi lallashi, ya yi tsawa, har waƙa ya rera, wadda ta ƙara firgita karen. Ransa ya ɓaci, ya ce wa likitar ta yanka kawai, ai shi ma kullum yanka yake.

"Baba, kana yanka yadi ba ka auna ba?" in ji ta.

Ya fita yana huci.

Zuwa na huɗu, a baro ya turo keken ɗinkin, ina biye ina sanar da mutane cewa asibiti ta ɗauki sabon ma'aikaci. Ya girke shi gefen tebur, ya hau takawa, ba zare ba yadi. Nan da nan Maɓalli ya saki jiki, ya lumshe ido.

Takarda ta fito tsaf. Likita ta daɗe tana dubawa, sannan ta nuna wa Baba Tela inda bugun ke tsallake. Ta ce da an yi allurar, da wuya karen ya farka. Sai ya sha magani mako biyu, a sake awo.

"Da keken?"

"Da keken, Baba."

Ya juyo ya harare ni, ya ce ni zan tura baron, tunda bakina ya fi hannuna aiki. Hanyar gida kuwa hawa ce.