Sifanar da Inna Ta Hana Kawu

Kawuna mai gyaran keke ne, kuma duk layinmu Yanzu-yanzu ake ce masa, don bai san jira ba. Ko shayi ba ya bari ya huce. Gaggawar ce ta haɗa shi da mota a bakin rumfarsa, ƙwaurinsa na dama ya karye.

Aka yi masa tiyata, aka sa ƙarfe. Shekara ta zagayo, ƙashi ya ƙi haɗewa. Wurin sai zubar da mugunya yake yi, in ya ɗaga ƙafar ka ga tana lanƙwasa inda babu gaɓa. Muka fara jin maganar yankewa a bakin ma'aikatan asibiti. Ni da matarsa, wadda muke kira Inna, muka daina haɗa ido.

Sai wata likitar ƙashi ta ce da sauran dabara. Ta yanke ruɓaɓɓen ƙashin, tsawon ɗan yatsa, ta bar gurbi. Ta kewaye ƙafar da zobban ƙarfe, siraran wayoyi suka ratsa ta.

Da Kawu ya farfaɗo ya duba, ya ce, "Likita, ai tayar keke kika mayar da ni."

Ta miƙa masa 'yar sifana. "Baba, na tsaga ƙashin daga sama, inda yake da lafiya. Kullum za a ɗan juya notin nan, guntun ya sauko kaɗan-kaɗan, sabon ƙashi yana tsirowa a bayansa. In ka yi sauri, ba zai tsiro ba, mu rasa ƙafar."

Caraf Inna ta karɓe sifanar, ta ɗaure a bakin zaninta. Ita ke juya notin kullum. Wata da watanni suna artabu, ita da Kawu.

"Haba Inna, ƙara ɗan juyi mana. Wannan ko tururuwa ta fi shi sauri!"

"Malam, kekunan mutane ka saba murɗewa. Wannan ƙafar tawa ce."

Ya yi fushi, ya yi magiya, har lalube ya yi tana barci. Bai samu ba.

Ranar da likita ta ɗaga hoton ƙashin a jikin fitila, na matso na duba. Inda aka ja guntun ya bar fili, wani fari-fari ya cike wurin kamar hayaƙi. Babu wanda ya zuba shi. Jikin tsohon nan ne ya ƙera abinsa a ɓoye, muna ta rigimar sifana. Kawu, da bakinsa ba ya mutuwa, ya kasa cewa komai sai "Ikon Allah."

Da aka cire zobban, na buɗe ƙofa na riƙe, don na tabbata da gudu zai fita. Ya miƙe a hankali, ya sauke nauyinsa a kan ƙafar. Ta ɗauke shi.

Inna ta ce, "To, Yanzu-yanzu, mu tafi mana."

Bai motsa ba. Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ku dakata. Ku bar ni in ɗan tsaya tukuna."